Wasiƙa Ga Masu Nazarin Ƙwayoyin Halitta Da Kwamfuta A Kudancin Kaduna

Ya 'yan'uwana abokan sana'a,

Dalilin wannan takarda shi ne abin da ya faru a damina ta 2023, sa'ad da cutar citta ta afka wa gonakin Kachia da Jaba da Kagarko, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa tana wari, har wanda ya ci bashi ya sayi iri ya tashi hannu Rabbana. Tun daga lokacin nake tuna ku, domin ku ne Allah ya hore wa karanta asirin ƙwayar cuta a kwamfuta.

Ku sani kayan aikinku wakafi ne. Manhajojin R da Galaxy da Bioconductor, wadda aka kafa a 2001, mutane ne suka sha wahalar rubuta su, suka bar su a buɗe ga kowa. Wanda kuwa ya sha ruwan rijiyar wakafi, haƙƙi ne a kansa ya fito ranar yasa, ko da gyaran kuskure ɗaya ne, ko fassara darasi zuwa Hausa.

Abin da ya fi damuna shi ne isnadi. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun san daga wa ta fito, haka ku ma ku rubuta gonar da aka ɗebo samfur, da ranar, da sigar manhaja, da kowane umarni da kuka buga, bi da bi. Na taɓa shafe wata uku a kan wani bincike, da wani ɗalibi ya roƙe ni in nuna masa yadda na kai ga sakamakon, na buɗe kwamfuta na kasa, domin ban rubuta ba. Har yau ina jin nauyin idon yaron nan.

Sannan ku kafa halƙa. Ƙungiyar H3ABioNet ta gwada haka tun 2016: malami yana nesa, ɗalibai suna ɗaki guda da mai taimaka musu. Kafanchan ba baƙuwa ba ce ga wannan, tun da Gidauniyar Fantsuam ta daɗe tana koyar da kwamfuta a Bayan Loco, ga kuma harabar Jami'ar Jihar Kaduna. Ku riƙa zama mako-mako, Bajju da Atyap da Ham da Hausawa, Kirista da Musulmi. Mai data ya sauke darasi ya raba a filash saboda rashin wuta. A zaman farko ku gayyato malamin gona da manomi ɗaya, ya zo da saiwar citta a ajiye a kan tebur.

Wassalam.