Guduma da Kwanson Harsashi: Kallon Kitse Ake Wa Rogo

A shekarar 1958 wani Ba'amurke mai suna Richard Lee, a jihar Wisconsin, ya ƙera wasu 'yan ƙarafa da za su shige ƙaramin kwali, aka sa musu suna Lee Loader. Aikinsu shi ne a ɗauki kwanson harsashin da aka riga aka harba, a sake cika shi. Ba inji, ba lantarki, sai 'yar guduma da tebur mai ƙwari. Har yau kamfanin Lee Precision na sayar da su, kuma da su maharba da yawa a Amurka suka fara koyon ɗura harsashi a gida. Yanzu bidiyon wannan aiki ya iso wayoyinmu. Duk matashin da ya kalle shi a Batsari ko Maradun, inda ake barci da ido ɗaya, zai iya cewa ashe abin ba wuya. Mu kuwa muna cewa akwai wuya, kuma wuyar ce bidiyon ba ya nunawa.

Harsashi abu huɗu ne: kwanso, ɗan maɓallin tartsatsi da ke gindinsa, albarushi, da kan da ke fita. Kwanson kaɗai ake maimaitawa. Maɓalli da albarushi daga masana'anta suke zuwa, cikin gwangwani da kwali masu suna da lamba. Albarushin zamani kuma ba iri ɗaya ba ne, wani na ci da sauri, wani a hankali. Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira giren, wanda sai an tara kusan 15 kafin a samu giram ɗaya. Ƙarfin da ke tasowa cikin bindigar farauta ta zamani ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 1,000. Ɗan ƙarin da ido ba zai lura da shi ba, ko musanya gwangwani ɗaya da wani, ya isa ya tarwatsa bindiga a fuskar mai ita. Shi ya sa Ba'amurken da ke cikin bidiyo ba da ka yake aiki ba. Yana da littafin ma'auni irin na kamfanin Lyman, wanda aka gwada a ɗakin bincike. Yana da ƙungiyar SAAMI, wadda tun 1926 take tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi. Guduma ita ce mafi ƙanƙantar abin da ya dogara da shi.

Sai batun doka. A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi daga wanda ke ɗura harsashi don amfanin kansa, amma wanda zai mai da shi kasuwanci sai ya nemi lasisi. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum ya ƙera ko ya harhaɗa bindiga da harsashi yadda ya ga dama. Abin da yake nishaɗin ƙarshen mako a Wisconsin, a nan hanyar gidan yari ce.

Za a ce mana doka ba ta hana 'yan bindiga shiga ƙauye ba. Gaskiya ne, kuma ba ma raina wannan ciwo. A 2018, a Jalingo, Janar T. Y. Ɗanjuma ya yi kira ga jama'a su kare kansu. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa mutanenta su nemi lasisin riƙe bindiga. Idan manya sun faɗi haka, wa zai ga laifin manomin da aka sace wa 'ya? Amma harsashi bai san mai shi ba. Bindigar ɗan fashin daji sanda ce idan babu alburusai, shi ya sa yake biyan kuɗi masu yawa ga masu yi masa safara. Ranar da ɗurin harsashi ya zama sana'ar bayan gida a ƙauyukanmu, wa zai fi kowa ciniki? Wanda ke da kuɗin fansa a buhu, ko manomin da bai biya bashin taki ba? Maƙerin da ya koya don kare garinsu, a dare ɗaya za a ɗauke shi zuwa daji ya yi wa wasu aiki.

Za a kuma ce mafarautanmu tun kaka da kakanni da hannunsu suke ɗura bindigar toka. Haka ne. Sai dai wancan albarushin gargajiya ne, ƙarfinsa bai kama ƙafar na zamani ba, kuma yaro kan yi shekaru a bayan manya, ƙarƙashin idon sarkin baka, kafin a bar shi ya ɗura. Zuba albarushin zamani a bututun da maƙeri ya haɗa, kunna wa kai bam ne. Ga kuma dalma, wadda ake narkawa a yi kan harsashi. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da ƙurar dalma daga dutsen zinare da ake niƙa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara. Wanda ya narka dalma a tsakar gida, 'ya'yansa ne za su fara shaƙa.

Ba'amurke na wannan aiki ne don rage kashe kuɗi da gyara saiti, ba don hukuma ta bar shi a hannun ɓarayi ba. Matsalarmu daban ce, maganinta ma daban. Muna da masana'antar DICON a Kaduna tun 1964, can ya kamata a yi harsashi, a ƙirga shi, a san hannun da ya shiga. Jihohin da suka kafa rundunonin tsaron al'umma, irin Askarawan Zamfara, su ba su horo da rajista, su binciki kowane kwanso. Wannan shi ne abin da za mu tsare gwamnoni da 'yan majalisa a kai, da murya ɗaya. Matashin da ke riƙe da waya kuma, muna roƙonsa ya wuce bidiyon nan. Maganin kar a yi, kar a fara.