Sufurin Zamani: Misau Ba Ikko Ba Ce

A wannan mako filin namu zai leƙa tashar mota, saboda wani abu da na gani da idona a kan hanyata daga Misau zuwa Azare.

Kwanan baya na shiga motar haya da hantsi, na tarar saura mutum biyu ta cika. Kusa da ni akwai wata dattijuwa rungume da jikanta, za ta kai shi babban asibitin tarayya da ke Azare. Muka yi ta zaman jira har rana ta take, yaro yana ta nishi. Can sai ɗan kamasho ya zaro wayarsa, ya buga wa wani mai kanti wanda ya gaya masa tun jiya cewa yana da tafiya, sa'an nan ya buga wa wani malamin makaranta. Kafin minti 10 mota ta cika, muka tashi. Na ce a raina, ashe maganin jiran nan yana cikin aljihunsa tun da safe.

To, abin da ɗan kamashon nan ya yi shi ne ainihin abin da ake kira sufurin zamani, watau haɗa mai tafiya da abin hawa ta hanyar waya. A Ikko abin ya yi nisa. Kamfanin Uber ya fara aiki can a 2014. A 2020 gwamnatin jihar ta fito da katin Cowry, wanda mutum zai biya kuɗin bas da shi, ya biya na jirgin ruwa, ya kuma biya na jirgin ƙasan cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Tun 2021 kuwa ake sayen tikitin jirgin Abuja zuwa Kaduna ta intanet.

Amma fa zanen aro ba ya rufe katara. A 2019 kamfanin OPay ya kawo wa Kanawa tsarin kiran a-daidaita-sahu ta manhajar waya, samari suka yi ta murna. Ba a je ko'ina ba, a farkon 2020 Gwamnatin Ikko ta hana haya da babur a manyan unguwanni, a watan Yuli kuma kamfanin ya dakatar da wannan sana'a, ya koma ga hada-hadar kuɗi. Irin waɗannan kamfanoni kaso suke yanka daga kowace tafiya, don haka sai inda jama'a suka yi cunkoso suke samun riba. In har birni kamar Kano bai riƙe su ba, me zai kawo su Misau, inda tafiyar cikin gari gajera ce, kuɗinta kaɗan, kowa kuma ya san direban unguwarsu har gidan ubansa?

Daɗin daɗawa, doka tana sauyawa dare ɗaya. An hana acaba a Kano a 2013, Gwamnatin Jihar Bauchi ma ta ba da irin wannan sanarwa a 2020. Wanda bai taɓa sauyawa ba shi ne tasha da ƙungiyar direbobi. Saboda haka a ganina nan ya kamata a kafa harsashi, ba a zauna jiran baƙo ba.

Na farko, kowace tasha ta sami lambar waya guda wadda kowa ya sani, da magatakarda mai riƙe littafi. Mai tafiya Azare, ko Bauchi ta Kari, ya buga tun dare ya kama wuri, a gaya masa lokacin tashi. Wannan ba ya bukatar babbar waya ko ilimin boko. Direba ma ya huta, gama tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, babu mai iya tashi da kujera wofi.

Na biyu, ƙaramar hukuma da ƙungiya su yi rajistar masu Keke Napep da motocin haya, a kuma tsara masu kwanan aiki bi da bi. Mace mai naƙuda a Hardawa ko Akuyam ko Zadawa, bai kamata ranta ya dogara ga ko mijinta yana da lambar wani direba ba.

Na uku, batun biya. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya koya wa har mai sayar da ƙosai karɓar kuɗi ta waya. Me zai hana ɗalibin kwalejin A. D. Rufa'i ya biya sau ɗaya a Misau, ya sauya mota a Azare, ya sauka Kano da tikiti guda? Kamfanin Yankari Express, da yake na gwamnatin jiha ne, shi ya fi dacewa ya buɗe wannan hanya.

Na san 'yan kamasho za su ce ana so a toshe musu hanyar abinci. A'a, su ne ma za su riƙe wayar da littafin, domin babu wanda ya fi su sanin matafiya. Abin da ake roƙo kurum shi ne a fitar da lambobin nan daga aljihun mutum ɗaya, a mai da su na jama'a.

Dattijuwar nan dai mun sauke ta a Azare bayan azahar. Ban san yadda ta ƙare da jikanta ba, amma na san sa'o'in da ta ɓata a tasha ba rashin mota ne ya ci su ba, rashin tsari ne. Muna kira ga shugabannin ƙungiya da na ƙaramar hukumar Misau su zauna su duba.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.