Sharhi: Wa Ke Duba Ɗakunan Da Marayu Da Almajirai Ke Kwana A Karkara?

Riƙon ɗan wani da kula da gajiyayye ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a san gidan marayu, idan magidanci ya rasu ya bar 'ya'ya, dangi ne ke raba su a tsakaninsu, tsoho kuwa idan ƙarfinsa ya ƙare ɗakinsa na nan a cikin gida, jikoki na kai masa koko. Wannan ne ya sa da zarar an ambaci gidajen kula da jama'a, sai hankalin mutanen karkara ya tafi birni, wato gidan yara na Nassarawa da gidan gajiyayyu na Shahuci da gidan gyaran halin yara na Goron Dutse, waɗanda duk suke hannun gwamnatin jihar Kano.

Sai dai akwai wasu gidajen da ba su da allon suna a ƙofa, kuma sun fi waɗancan yawa nesa ba kusa ba. Ƙaramar hukumar Rimin Gado, da ke kan hanyar Gwarzo yamma da birnin Kano, tana da mutane sama da dubu 100 a ƙidayar shekarar 2006, a ƙasar da gona ke manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye. A irin wannan yanki, daga Gulu zuwa Jili, daga Butu-Butu zuwa Yalwan Danziyal, wurin da mutum ke kwana a hannun wanda ba danginsa ba shi ne zauren malamin da aka kawo wa almajirai daga wani gari, ko gidan wata baiwar Allah da ta tara marayu don neman lada, ko kuma wurin mai maganin da ake kai wa masu taɓin hankali. Yawancin masu wannan aiki mutanen kirki ne da ke ciyar da wasu daga aljihunsu. Amma kyakkyawar niyya ba ta kashe gobara.

Idan za a iya tunawa, a watan Satumba na shekarar 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa. A watan Oktoba aka sake samun irin haka a Daura, a cikin watan ne kuma gwamnatin jihar Kano ta ba da umarnin rufe gidajen mari. Matakin ya dace. Abin lura a nan shi ne, waɗannan gidaje ba a daji suke ba. A tsakiyar unguwa suke, shekara da shekaru, maƙwabta na wucewa ta ƙofarsu safe da yamma, kuma iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu suna biyan kuɗi. Rufewa ba ta kawar da buƙatar da ta haifar da su ba, domin uban da ɗansa ya faɗa shaye-shaye har yanzu yana neman inda zai kai shi.

Ta fuskar doka dai an samu ci gaba. A watan Janairu na 2023 aka sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, sannan a watan Mayu na wannan shekara jihar Kano ta samu tata dokar kare ƙananan yara, shekaru 20 bayan ta tarayya ta 2003. Tambayar da ta rage ita ce yadda dokar da aka rubuta a birni za ta isa zauren da ke bayan gonar dawa.

A ganinmu, idan aka ce ƙa'idar ita ce gado ga kowane yaro da ma'aikaciyar jinya da na'urar kashe gobara a kowane ɗaki, to babu malamin ƙauyen da zai iya cikawa, kuma ƙa'idar da ba mai iya cikawa ɓoyewa take haifarwa. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne abin da mai unguwa zai iya gani da idonsa cikin minti goma, kuma babu abin da ya kai ɗakin kwana muhimmanci.

A watan Nuwamba na 2015 ɗalibai mata 7 suka rasu sakamakon gobarar dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana. A watan Fabrairu na 2025 almajirai 17 suka rasu a Ƙaura Namoda ta jihar Zamfara, shi ma da dare, inda binciken farko na 'yan sanda ya danganta wutar da tarin karan da aka jibge kusa da makarantar. Duk wanda ya san tsangaya ya san matsayin kara: da shi ake hura wutar karatun dare, da shi ake jin ɗumi, kuma bayan girbi ake tara shi, daidai lokacin da iskar hunturu ke busar da komai. Ba wanda zai ce a daina tara kara. Abin da za a ce shi ne a nesanta shi da bangon da yara ke kwana, a kashe wutar karatu da ruwa kafin a kwanta, kada a shiga da kaskon wuta ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda sanyi, domin hayaƙin gawayi kan kashe mai barci ko da wuta ba ta tashi ba. Sama da komai, kada a kulle ɗaki da kwaɗo ta waje. Wanda ke yin haka yakan ce yana tsoron yaro ya gudu ne, ko ɓarawo ya shiga. Uzuri ne da ake fahimta, amma mutum 30 a bayan ƙofa ɗaya da makullinta ke aljihun wanda ya tafi cikin gida, ba tsaro ba ne. Babban mutum ya kwana tare da su, ƙofa ta buɗu ta ciki.

Cunkoso ma haka yake. Cutar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen shekarar 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa da ita, ta numfashi take yaɗuwa, kamar sanƙarau a lokacin zafi. Yaron da aka kawo daga wani gari da wuya a san ko an yi masa rigakafi. Batun rijiya da masai kuwa aikin duba-gari ne da aka sani tun zamanin En'e, ba sai an tsaya dogon bayani ba.

Abu na biyu shi ne littafin suna. Kowane gida da ke riƙe da waɗanda ba 'ya'yansa ba ya rubuta sunan kowa da garinsu da wanda ya kawo shi da ranar da aka kawo shi, ko da boko ko da ajami, kwafi kuma ya kasance a wurin dagaci. Littafin kamar ba komai ba ne, amma shi ne ke sa a lura idan yaro ya ɓace, shi ne ke sa a iya kiran uba idan ciwo ya yi tsanani, kuma shi ne kariyar malami na gaskiya ranar da aka zarge shi.

To wa zai duba? Jami'an ma'aikatar da ke kula da harkokin mata da yara ba za su iya zagaya ƙananan hukumomi 44 gida-gida ba. Waɗanda ke kusa su ne mai unguwa da dagaci da limami da duba-gari da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi da 'yan Hisba. Matsalarsu ɗaya ce, kunya. Mai unguwar da ya yi karatu a gaban malam ba zai iya cewa ya buɗe masa ɗaki ba. Saboda haka ya fi kyau umarnin ya fito daga hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, ya shafi kowa ba tare da ware wani ba, a riƙa zuwa mutum uku tare, cikinsu har da mace a inda ake riƙe da 'yan mata. Ziyarar kuma ta kasance bayan sallar isha'i ba tare da sanarwa ba, domin ɗakin da aka share da hantsi don baƙi ba ya nuna mutum nawa ke kwana a cikinsa.

Wanda aka ce ya fasa ƙofa ta biyu ko ya haƙa masai zai tambayi inda zai samu kuɗi, kuma tambayarsa halal ce. Jihar Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun shekarar 2003, manoman Rimin Gado kuma na fitar da zakkar hatsi kowace kaka. Idan kwamitocin zakka na ƙauyuka suka fifita gidajen da suka ba da suna suka kuma yarda a duba su, ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin ƙyaure da buhun siminti, malamai da kansu za su nemi a rubuta su. Kaka ce lokacin da ya dace a fara zagayen, kafin a gama jibge kara, kafin sanyi ya sa a toshe tagogi.