Ƙarin da ke jiran garkuwar jiki ta yi rauni, da nisan Kontagora da ɗakin gwaji

A shekarar 1964 ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar cutar da ake kira Epstein-Barr, a cikin tsokar ciwon dajin yara da likita Denis Burkitt ya aika Landan daga Yuganda. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita, kuma tana zaune lafiya da su muddin garkuwar jiki na tsaye. Idan garkuwar ta faɗi, sai ta nuna halinta.

Ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne haddasa ƙari a tsokar da ke bangon hanji da jijiyoyin jini. An tabbatar da wannan alaƙa a 1995, a jikin yara masu ƙanjamau da waɗanda aka yi wa dashen sassan jiki. Ƙarin kan fito a hanta ko huhu, a wajen masu ƙanjamau kuwa yakan kama kewayen ƙwaƙwalwa da laka. Ba kasafai ake samunsa ba, shi ya sa yake saurin ɓoyewa a bayan tarin fuka. Yakan fito a wurare da dama lokaci guda, likita ya ɗauka daji ne da ya riga ya bazu, a sallami majinyaci ya koma gida jiran ajali. Alhali sau da yawa kowane ƙari da kansa ya tsiro, kuma tiyata tare da farfaɗo da garkuwar jiki na iya ba mutum shekaru.

Hoton asibiti kaɗai ba ya raba gardama. Sai an yanko ɗan tsoka an yi masa gwaji na musamman da ke nuna ƙwayar a ciki, aikin da ba a gina asibitocin garuruwa irin na Kontagora dominsa ba. Majinyacin da ya fito daga masarautar Sarkin Sudan sai ya nufi Bida, ko Shika, ko Sakkwato, ko Abuja, da guzurinsa da na mai jinyarsa. Da yawa kuɗin mota ke tsayar da su.

Nan ne maganar ta shafi masu rubuta takardun kasafi a Abuja. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ƙanjamau a Najeriya da kusan miliyan 1.9. Da Amurka ta dakatar da tallafin waje a Janairun 2025, Majalisar Zartarwa ta amince da naira biliyan 4.8 domin sayen magunguna. An kyauta, domin kowane wata da magani ya yanke, ƙofa ce aka buɗe wa wannan ƙari. Amma sayen magani daban, gano cuta daban. Haka kuma waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, aikin da Asibitin Malam Aminu Kano ke yi tun 2002, suna shan maganin danne garkuwa har ƙarshen rayuwa, kuma da yawansu gida suke komawa, nesa da likitan da ya yi musu aiki.

Babu mai cewa a kai injin gwajin kowace ƙaramar hukuma. Asarar kuɗi ce. Tsokar ce ya kamata ta yi tafiya. Ana riga ana ɗaukar jinin masu ƙanjamau daga ƙananan asibitoci zuwa manyan ɗakunan gwaji domin auna yawan ƙwayar cuta. Hukumar NACA da cibiyar NICRAT mai kula da ciwon daji za su iya ɗora kwalbar tsoka a kan wannan hanya, a ware mata layi a kasafi, a kuma ƙayyade kwanakin da sakamako zai dawo Kontagora.