Ra'ayinmu: Asibitin Mazaɓa Namu Ne, Mu Shiga Kwamitinsa

Jama'a, sau da yawa idan mun zauna taron ƙungiya akan kawo kukan asibiti. Wannan ya ce ya kai matarsa awo an ce ta dawo gobe, wancan ya ce an rubuta masa magani bai san ko na kyauta ne ko na kuɗi ba. Mun saurari koke-koken nan, kuma da yawansu gaskiya ne. To amma duk lokacin da muka tambaya wa ke wakiltar gidajen Hausawan Fadan Kaje a kwamitin da ke sa ido kan asibitin mazaɓa, sai ɗaki ya yi tsit.

Ya kamata kowane magidanci ya san cewa wannan kwamiti tsari ne na gwamnati. Hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa, wadda aka kafa a 1992, ta tanadi cewa kowace mazaɓa ta sami kwamitin raya mazaɓa, wanda ya ƙunshi mazauna wurin, maza da mata. Aikinsa shi ne kai kukan jama'a ga ma'aikatan lafiya, da kawo saƙonsu ga jama'a, da kuma lura da yadda ake tafiyar da asibitin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma wani kaso nasa yana sauka ne a ƙananan asibitocin da aka zaɓa. A nan Jihar Kaduna, bayan 2015 gwamnati ta ɗauki manufar gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa daga cikin 255 da muke da su. Idan babu namu a wurin da ake zama a kan wannan kuɗi da wannan gini, wa zai faɗi damuwarmu?

Dokar ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, asalinsa ko addininsa. Saboda haka mace mai naƙuda ba ta roƙon alfarma a ƙofar asibiti, haƙƙinta take nema.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai gidajen da ba a barin mai ciki ta je awo sai abu ya ɓaci, sannan a kwashe ta zuwa Zonkwa ko babban asibitin Kafanchan cikin dare. Akwai yaran da aka yi wa allurar farko ba a koma da su ba. A ajin yaƙi da jahilci mun sha ganin iyaye sun kawo katin rigakafi a karanta musu, sai a tarar ranar komawa ta wuce da watanni. Ma'aikaciya ɗaya ko biyu ba za su iya bin gida-gida su kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun ga abin da haɗin kai ya yi a kan shan inna. A 2003 jita-jita ta sa an dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Da aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin, musamman daga 2009, sai ƙofofin gidaje suka buɗe, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Mutane sun ji bayani daga bakin waɗanda suka yarda da su.

Don haka shugabannin ƙungiya suna ba da shawara kamar haka. Na farko, mu zaɓi mutum biyu, namiji da mace, mu rubuta wa kansila da shugaban asibiti muna neman a ba su wurin zama a kwamiti. Na biyu, mu gayyaci ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a wata ta yi wa mata bayani a makarantar Islamiyya da ajin manya, liman kuma ya riƙa sanar da ranar rigakafi bayan salla. Na uku, mu zauna da direbobi da 'yan acaɓa a fitar da sunayen waɗanda za a iya tasa da dare, a kuma ware ɗan kuɗin mai daga asusun ƙungiya. Na huɗu, unguwar zoma ta riƙa rako mai ciki asibiti da wuri maimakon jiran wahala.

Su kuma ma'aikata muna roƙonsu abu uku: a liƙa ranakun awo da rigakafi da Hausa a bango, a rubuta abin da yake kyauta da abin da ake biya, a kuma sanar da mu ranar taron kwamiti tun da sauran lokaci.

Wannan aiki da maƙwabtanmu Bajju za mu yi shi, tare da ƙungiyoyin matansu na coci da masu unguwanninsu. Ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro ba sa tambayar takardar asali, kuma a layi ɗaya matanmu da nasu ke zama ranar awo. Idan muka kai kuka tare ga Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, zai fi nauyi.

Muna kira ga kowane magidanci ya halarci taro na gaba, ya zo da katin rigakafin 'ya'yansa a duba masa. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.