Masaukin Baƙo A Kalaba

Duk ɗan Arewa da ya sauka Kalaba, Bogobiri yake fara tambaya, kuma yana da hujja. Akwai masallaci, akwai yankan Musulmi, ga kasuwar Watt kusa. Daga nan babu nisa zuwa tsohon gidan Razdan, wanda aka kawo katakonsa daga Birtaniya aka kafa a 1884, yau ya zama gidan tarihi, ko makarantar Hope Waddell ta 1895, inda Dokta Azikiwe ya yi karatu. Wanda ya kama otal can bayan gari, kuɗin mota kaɗai zai cinye guzurinsa.

Abin da ke bukatar gyara shi ne al'adar faɗo wa ɗan'uwa ba sanarwa. Mai tsiren da ke hayar ɗaki guda, shi da iyalinsa, kunya ba za ta bar shi ya ce babu wuri ba. Sai ya ci bashi ya ciyar da baƙo mako biyu, balle a watan Disamba da gari ke cika maƙil saboda biki. Mai hali ya kama ɗakinsa kusa da unguwar, ya je ya gaida Sarkin Hausawa, ya biya kuɗin tuwonsa.