ZAUREN 'YANMATA: Tarhon Da Ya Ƙi Yin Ƙara

Yau ba wasiƙarku zan amsa ba, labarin wani ɗan akwatin roba zan ba ku, wanda ya kusa raba auren Gwaggona.

Kwanakin baya ana fentin gidan Kakanmu da ke unguwar Matsaro a nan Haɗeja saboda bikin wata ƙanwata, sai mai fenti ya nuna wani ɗan farin akwati a bangon falon Alhaji, ya ce ko ya ɓalle shi tunda ba shi da amfani? Kafin kowa ya yi magana sai Gwaggo ta yi wuf ta ce, "Kul! Kada ka kuskura ka taɓa min shi." Na ce, "Gwaggo, mene ne a ciki, zinare?" Ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan zauna ki sha labari."

Ku da kuka buɗe ido kuka ga salula a hannun kowa ba za ku gane ba. Salula irin ta yanzu sai a 2001 ta shigo Nijeriya. Kafin nan tarhon gida ake yi, na kamfanin NITEL da aka kafa a 1985, kuma duk faɗin ƙasar nan layukan da ke aiki ba su wuce kimanin dubu 400 ba. Saboda haka gidan da ke da tarho sananne ne a unguwa. Alhaji ya sa nasa ne saboda cinikin busasshen kifi, abokan hulɗarsa na Kudu su riƙa samunsa.

A 1996 aka kawo kuɗin gaisuwar Gwaggo. Saurayin yana aiki a Kano, sai suka yi alkawari duk Laraba da hantsi zai bugo. To falon Alhaji yana can kusa da zaure, kuma da zarar ya fita kasuwa sai ya datse shi da kwaɗo. Don haka aka roƙe shi ya yarda a ja layi zuwa ɗakin Inna a cikin gida. Wani yaron maƙwabta mai gyaran rediyo shi ya ja wayar, ya ɗaura soket, aka jona wani tsohon kan tarho da aka kawo tsaraba daga Ingila. Aka ɗaga aka ji sautin layi, aka buga Kano, 064, magana ta fita tar. Kowa ya ce madalla.

Laraba ta zo, Gwaggo ta ci kwalliya kamar ganinta za a yi, ta zauna gaban tarho tun safe har azahar, shiru. Wata Larabar ma shiru. Ta uku ta shiga ɗaki ta sha kuka, ƙawaye kuwa suka samu abin yi, "Ai dama mun faɗa miki, 'yanmatan Kano sun ƙwace shi." Shi kuma bawan Allah yana can yana bin layi a wurin buga waya, yana jin tarho yana ta ringin ba a ɗauka, ya ce shi ke nan, ta samu wanda ya fi shi. Sai ga wasiƙa ta hannun direban motar Kano, mai zafi, yana cewa idan an fasa ne a gaya masa, ba sai an wulaƙanta shi ba.

Wasiƙar nan ce ta sa Alhaji ya kira ma'aikacin tarho na gaske. Yana kwance murfin soket ɗin ɗakin Inna ya ce, "Ina waya ta uku?"

Ga yadda abin yake, na bi diddigi na tambaya don ku ƙaru. Layin tarho siraran wayoyi biyu ne kacal suke shigowa gida daga kan fal. Suna ɗauke da wuta 'yar kaɗan, kimanin bolt 50, daga ofishin tarho take zuwa, shi ya sa ko an ɗauke wutar lantarki tarho yana aiki. Idan aka bugo, ofishin sai ya turo wata wutar daban mai kai da komowa, wajen bolt 75 ko fiye, ita ke kaɗa ƙararrawa.

A tsarin Ingila, wanda suka fara a 1981, soket ɗin farko da layi yake sauka a kansa shi ne uwa, sauran duk 'ya'ya ne. A cikin uwar akwai wani ɗan abu da ake kira kafasita, aikinsa ya tare wutar magana ya bar ta ƙararrawa ta wuce, ya zuba ta a waya ta uku. A bayan soket akwai lambobi. Lamba 2 da lamba 5 su ne na magana, yawanci shuɗiya mai ratsin fari a 2, fara mai ratsin shuɗi a 5. Lamba 3 ita ce wayar ƙararrawa, mai ruwan lemo. In za a ja layi zuwa wani ɗaki, 2 ta tafi 2, 5 ta tafi 5, 3 ta tafi 3. Yaron nan biyu ya haɗa ya bar ta ukun. Tsohon kan tarhon kuwa ba shi da kafasita nasa, da na uwar ya dogara. Shi ya sa za ki iya bugawa, za ki iya magana, amma in an bugo miki ko ƙis ba zai yi ba. Duk Larabar nan uku tarho yana can yana ta kururuwa a falon da ke kulle, ba mai ji.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ashe ringin ɗin da mai bugowa yake ji a kunnensa ba ƙarar tarhonki ba ce, ofishin tarho ne yake sa masa sautin. Don haka shi yana da hujjarsa, ita ma tana da tata, alhali ba wanda ya yi wa wani laifi. Minti biyar ma'aikacin ya yi ya haɗa waya ɗaya. An ɗaura aure a 1997, yanzu har da jikoki.

Yau layukan NITEL sun zama tarihi, tarhon zamani ma ba ya buƙatar waya ta uku, amma wallahi halinmu bai sake ba. Sau nawa kika yi fushi don kin kira ba a ɗauka ba, ko kin tura saƙo an yi shiru? Kin tambaya ko caji ne ya ƙare, ko sabis ne babu, musamman da damina in hadari ya taso ko ruwa ya cika fadama? Kafin ki ɗauki zugar ƙawaye, ki fara bincika abin da ke tsakaninku, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Na biyu, 'yan makaranta, kada ku ce ilmin waya da lantarki na maza ne. Da Gwaggo ta san lamba 3, da ba ta yi kukan mako uku ba. In malamin kimiyya yana bayani ku buɗe kunne, in mai gyara ya zo gida ku tsaya ku gani, ku yi tambaya. Amma ban ce ku je ku taɓa soket ɗin wutar lantarki ba, wannan bolt 230 ne, kisa yake yi.

Akwatin dai yana nan a bango, mai fenti ya zagaye shi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.